Riga a Napoli, Maɓalli a Trento

Napoli, unguwar Sanità,
Litinin, bayan na gama shanya.

Zuwa ga Ermanno, sanyin idona, ruwan sama na farko a kan tukwanen furannina, dogon dutsena mai hular ƙanƙara wanda rana ta yi shekara shida tana lallashi bai narke ba. Inuwata a watan Agusta, gishirin miyata, mai tafiya kamar an auna masa taku da ma'auni. Kai da zuciyata ta zaɓa ba tare da ta yi shawara da ni ba, kuma shugaban matsoratan arewacin Italiya kaf. Ina gaishe ka gaisuwar da ta fi tekun da nake hangowa daga kicin faɗi. To, sai na taka kujera na leƙa ta tsakanin benaye biyu nake hango shi, kada ka zo ka ce na yi maka ƙarya.

Wasiƙarka ta iso ranar Alhamis. Maƙwabcinmu Don Rafele mai kayan miya, wanda shagonsa ke ƙasan benenmu, shi ya karɓa a hannun mai rabon wasiƙu, ya saka mini ita a kwando tare da tumatir da albasa, ya girgiza igiya sau biyu, sannan ya buɗe maƙogwaro yadda duk lungun zai ji: "Donna Nunzia, daga mai rigar ne!" Na jawo ta hawa huɗu zuciyata na dukan uku-uku kamar ta 'yar shekara sha shida, ni da na ba hamsin da takwas baya. Na wanke hannu, na zauna, na buɗe. Me zan gani? Shafi uku, an buga da na'ura, kowace damuwa da lambarta. Haba Ermanno! Mace ta yi mako bakwai tana jiran kalma ɗaya mai zaƙi, sai ka aiko mata da rahoto irin wanda kake rubuta wa ofishin awon filaye kafin ka yi ritaya? Har da yankin jarida ka haɗo, ka ja layi da jan biro a ƙarƙashin tambayar, wai shin Napoli ta cancanci mutum ya ziyarce ta. Sau huɗu na karanta. Ukun farko ina dariya, na huɗun ban yi ba.

Bari in tuna maka yadda aka faro, don na ga alamar sanyin garinku ya daskarar maka da tunani. Na zo Trento ne don in kula da 'yata Mariarca da ta haihu, kai kuma kana hawan da ke ƙasa da nasu. Kwana biyu da zuwana na ɗaura igiya a baranda na shanya kayan jariri, kamar yadda duk mace mai hankali za ta yi, ruwa ya ɗiga a kan furanninka. Ka hawo, ka danna ƙararrawa sau ɗaya tak, ka tsaya a bakin ƙofa da littafin dokokin bene a hannu, tabarau a ƙarshen hanci, ka ce, "Baiwar Allah, sashe na goma sha ɗaya ya hana shanya a baranda." Na dube ka daga sama har ƙasa. Ban ji ko kalma ɗaya daga sashen naka ba. Idona na kan bel ɗinka, wanda aka ƙara wa huda biyu da ƙusa, da wandon da ya yi maka yawa a ƙugu. Na ce a raina, wannan bawan Allah ba mai dafa masa abinci.

Washegari na yi taliya da miyar gauta. Na nemi kwando a gidan 'yata, babu. Wane irin gida ne a hawa na uku babu kwando? Na ɗauki na kayan wanki, na sa kwanon taliyar a ciki, na kwance igiyar da ka ce doka ta hana, na ɗaure shi da ita, na zuro maka har ya tsaya daidai tagarka. Mariarca ta ɗora hannu a ka tana cewa, "Mama, don girman Allah, nan ba Sanità ba ce, 'yan sanda za a kira mana." Minti arba'in kwandon nan yana lilo a iska. Ina kallo daga sama na ga labule ya motsa, ya koma, ya sake motsawa. Can sai ga hannu. Da na jawo da la'asar, kwanon yana ciki an wanke an goge, da 'yar takarda: "Wannan ma ya saɓa doka. Na gode. Gishiri ya ɗan yi yawa." Ƙarya kake, masoyina, gishirin daidai yake. Kuma sai da ka suɗe kwanon kafin ka wanke, don da muka haɗu a matakala ka kasa haɗa ido da ni.

Wata uku kwandon nan yana sauka yana hawa. Takardunka suka riƙa tsawo, gishiri ya daina yawa. A ciki ka gaya mini matarka ta rasu shekara shida da suka wuce, kuma tun ranar da aka binne ta, in ban da mai karanta mitar wuta, ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofarka. Na karanta wannan a tsaye a baranda, jikata na kafaɗata, na yi kuka har ita ma ta taya ni. Saura mako guda in tafi, kwando ya hawo da rigarka shuɗiya mai ratsin fari, maɓallinta na uku a cikin ambulan, da kalma uku: "Idan ba damuwa." Na ɗinka a ranar. Sau biyu ka tambaye ni ita, na ce tana jiran guga. A tashar jirgin ƙasa ka riƙe hannuna da naka biyu, kunnuwanka sun yi ja, ka ce za ka zo Napoli in yanayi ya ba da dama. Kana faɗin haka rigarka tana ƙasan akwatina, kuma ban ji ko ɗigon kunya ba.

To, saurari masifar da rigar nan ta jawo mini, don kai ma kana da kaso a ciki. Igiyar shanyata ta ratsa lungu daga tagata zuwa ta Donna Sisina, maƙwabciyata da ke benen da ke kallon namu. Shekara talatin muna raba ta, Litinin da Alhamis nawa, sauran ranakun nata, don ita tana da 'ya'ya maza huɗu da ba su san amfanin sabulu ba. A kan 'yan tayoyi take zagayawa, in na ja daga nan ta tafi can. A lungunmu ba ma sayen jarida irin taka, igiya muke karantawa. Daga shanya ake sanin wadda ta samu ciki kafin mijinta ya sani, da wanda aka sallama daga aiki, da wanda ya yi yaji ya koma gidan uwarsa. Shekara tara ke nan, tun rasuwar mijina Aniello, ba a ga ko safar namiji a igiyata ba.

Na dawo, na juye akwati a wanki, na shanya. Kuskure ne. To, rabinsa kuskure ne. Ban kai ga ɗora gahawa a wuta ba na ji taya tana ƙara. Na leƙa, sai ga Donna Sisina tana jan igiya ranar da ba tata ba, zanen gadona da siket ɗina suna tafiya wajenta ɗaya bayan ɗaya har rigar ta faɗa hannunta. Ta juya wuyan, ta duba lamba, ta shinshina, sannan ta ce, "Nunzia, dogo ne, ba ya shan taba, kuma ba ɗan garin nan ba ne, namu ba sa barin wuyan riga haka. Wane ne?" Na ce ta sakar mini kaya tun kafin in tsinke igiyar. Ta ce, "Tsinke mana, mun riga mun karanta." Kafin ƙararrawar coci ta buga sha biyu, mai kifi a kasuwa ya yi mini barka.

Ka san abin da ya biyo baya? A nan, in rigar namiji ta hau igiyar bazawara sau ɗaya sannan ta ɓace, magana ɗaya ce: ya ɗanɗana miyarta ya gudu. Ni kuwa ba a taɓa gudu daga miyata ba. Saboda haka duk Litinin sai in ciro rigarka daga kabad, mai tsabta, a goge, ba wanda ya saka ta, in tsoma ta a ruwa in wanke in shanya. Yau Litinin ta bakwai. Makon jiya Donna Sisina ta jingina da tagarta ta ce, "Wai ni kam, wane irin namiji ne riga ɗaya, ba wando ba safa? Ko daga ƙugu zuwa sama kawai Allah ya ba ki?" Lungu ya rabu gida uku a kanka. Wasu sun ce ma'aikacin jirgin ruwa ne. Wasu sun ce kana kurkuku, kuma waɗannan sun fi kowa girmama ka, har tambaya suke yaushe za ka fito. Matar Don Rafele, Allah ya isa tsakanina da ita, cewa ta yi a gwanjo na sayo rigar. Fadan cocinmu ma ya tare ni bayan addu'ar Lahadi ya tambaya ko akwai abin da nake so in faɗa masa. Ka ga yadda ka yi suna a garin da kake tsoron takawa.

Yanzu bari in duba lambobin naka, ya farin wata na mai lissafi. Ka ce shara. Akwai ta. A kusurwar lungunmu akwai wata katifa da ta girmi jikata, mun saba da ita har da ita muke kwatance. Bangayen sun yi baƙi, fenti na zuba, warin soyayyen kifi da na hayaƙin babur da na sabulu duk a cakuɗe. Amma ka shigo ɗakina ka goga yatsa a kan kabad, in ka samu ƙura na yarda a kira ni ƙazama a gaban kowa. Mu titi na gwamnati ne, ɗaki ne namu.

Ka ce ɓarayi. Su ma akwai su, me zan ɓoye maka? Bar agogon babanka a gida, dama a nan ba abin da zai amfane ka da shi, ba wanda ke zuwa a kan lokaci. Sauran kuma ka bar mini. Tuni na sanar daga bakin kasuwa har ƙofar coci cewa dogo mai tabarau, mai tafiya kamar ya haɗiyi sanda, nawa ne. Rabin masu dogon hannun unguwar nan na san iyayensu mata, wasunsu ni na riƙe su ranar da aka raɗa musu suna. Wanda ya taɓa aljihunka, uwarsa ce za ta kawo shi har hawa na huɗu da kunne.

Maganar tsallaka titi kuwa, wadda ka ba shafi guda cur, nan dole in koya maka. Danja a garin nan shawara take bayarwa, wanda ya ga dama ya ɗauka. In ka tsaya jiran motoci su tsaya maka kamar a Trento, a nan za ka tsufa, tattabaru su yi sheƙa a kanka. Kada ka jira, kada kuma ka ruga. Ka kalli direba ido cikin ido ka sa ƙafa. In zuciyarka ta gaza, nemi wata tsohuwa mai jakar cefane ka lafe a bayanta, ba direban da uwa ta haifa da zai kusance ta. Kuma in ka ji ana ta kiran "Dakta, Dakta," kada ka waiga neman likita, da kai ake. Duk mai tabarau a nan Dakta ne. Shi kuma dutsen nan mai aman wuta da ka sa a lamba ta shida, barcinsa yake yi tun kafin a haife ni. Kai ma haka na same ka, na tashe ka, kuma ban ga abin da ya ƙone ba sai kunnuwanka.

Saura shafi na uku, wanda ya hana ni dariya. Ka ce me zai sa ka sha wahalar tafiya, tunda ni zan iya tattarawa in dawo Trento mu yi aure, ga gida shiru, ga lifta, ga asibiti kusa, ga 'yata a sama. Ermanno, wannan ce kalma mai zaƙin da na yi mako bakwai ina jira, sai ka ɓoye ta a ƙarƙashin lamba ta tara, tsakanin maganar shara da ta farashin tikiti. Na gan ta. Na sumbace ta, tawadar ta ɗan ɓaci. Amma ka saurare ni.

Lokacin da Aniello ya rasu, kwana arba'in ban sauka daga benen nan ba. Ban kunna murhu ba, ban buɗe labule ba, ban so ganin kowa ba. Kullum da hantsi sai in ji igiyar kwando tana bugun baranda. In na ƙi tashi, Don Rafele ya yi ta girgiza ta yana kiran sunana har in gaji in jawo don ya yi mini shiru. Yau burodi mai zafi, gobe romo, jibi lemo, kuma har yau ban san duk waɗanda suka saka ba. Donna Sisina, wannan mai bakin da ba ya rufuwa, ita take ɗaure 'yar tukunya a igiyar shanya ta turo mini ta saman lungu, ta tsaya a taga tana zagina har sai ta ga na kai cokali baki. "Ci, mara mutunci, in kin mutu da wa zan yi faɗa?" Haka suka jawo ni daga ramin nan, da igiya biyu da surutu. Kai kuwa, a garinka mai tsabta da ba ko ɓawon lemo a ƙasa, shekara shida kana cin abinci a tsaye a gaban famfo, ba wanda ya lura bel ɗinka na ƙara huda.

Shi ya sa ban san amsar da zan ba jaridarka ba. Ni ban taɓa ziyartar Napoli ba, a cikinta na buɗe ido. Abin da na sani shi ne hannun da ya zuro maka kwando a nan ya koyi yin haka, a wannan lungun mai katifa da wari da ihu. Wataƙila in bi ka Trento. Wataƙila mu raba shekara, rabi can mu sha shiru, rabi nan ka sha hayaniya. Amma ba zan bi mutumin da bai zo ya ga inda igiyar ta fito ba. Ina tsoro, Ermanno, kuma ba na jin kunyar faɗa. Ina tsoron wanda ya ƙyamaci lungun nan wata rana zai ce in rage murya, wata rana ya ce in daina magana da hannu, wata rana ya ɗauko littafin dokoki ya karanta mini sashen da ya hana zama Nunzia. Ina tsoron ko kwandon ka so, saboda akwai hawa guda a tsakaninmu. Ina son ka, son da ban zaci zai sake samuna a wannan shekarun ba, son da ke sa in dafa taliyar mutum biyu in zauna ina harar kwano na biyun. Wace irin mace ce mai jika take wanke riga mai tsabta duk Litinin? Shuɗin ya fara ƙoɗewa, wuyan ya fara laushi, ni ma na fara gajiya da dariyar da nake yi wa Sisina ta taga.

Yanzu girgiza ambulan ɗin nan a kan teburinka. Ka ji abin da ya faɗo? Maɓalli na uku ne, wanda na ɗinka maka da hannuna. Yau da safe na sa almakashi na cire shi kafin in shanya rigar, kuma Donna Sisina ta riga ta gani, ta ce, "Af, yau kuma kokawa kuka yi?" Na san ka sarai, ya hasken safiyata. Kai da kake jera cokula bisa tsawo, kai da ka taɓa saukowa daga bas don ka miƙe allon sanarwa da ya karkace, ba za ka samu sukuni ba maɓalli na arewa riga na kudu. Dole ɗayansu ya yi tafiya.

Akwai jirgin da ke tashi daga wajenku da safiyar Asabar ta sama, ya iso nan da rana tsaka. Ranar ba tawa ba ce a igiya, amma na roƙi Sisina aro, ta ce ko mako guda nake so ta ba ni, in dai za a bar ta ta kalla. In ka shigo Sanità kada ka tambayi lambar gida, ba wanda ya san ta. Ka ce kai ne mai rigar, za a raka ka, wataƙila da kiɗa. Ka wuce katifa, ka ɗaga kai, inda ka ga rigarka tana kaɗawa ka tsaya. Kada ka nemi ƙararrawa, ta lalace tun Aniello na da rai. Ka buɗe bakin nan naka da bai taɓa ɗaga murya ba, ka kira sunana yadda benaye biyun za su amsa. Zan zuro maka kwando, mukullin ƙofar ƙasa na ciki. Matakala tamanin da shida ce, ka ƙirga in kana so, na san dama sai ka ƙirga. Ka taho da wando biyu da safa, mu rufe bakin matar Don Rafele.

In kuma ka auna ka ga garin bai cancanta ba, kada ka rubuto mini shafi uku. Ka mayar da maɓallin a ambulan shi kaɗai, zan gane. Zan ɗinka shi, in goge rigar, in naɗe ta yadda kake so, in aiko maka. Litinin ta gaba in shanya zanen gado da siket kamar yadda na yi shekara tara, in leƙa taga in ce wa Sisina an yanke maka ɗaurin rai da rai. Za ta yi kamar ta yarda, kuma da hantsi zan ga tukunya tana tahowa ta saman lungu.

Amma na riga na zura zare a allura, shuɗi, daidai launin rigar. Idona ba kamar da ba, sai a gwaji na shida ya shiga. Na soke ta a jikin labulen tagar da ke kallon bakin lungu. Kada ka sa in zare shi, Ermanno.

Taka, ko ka zo ko ka ƙi, muddin akwai igiya a lungun nan da hannun da zai ja ta,

Nunzia